Babi na Shida: Ɗacin Gaskiya da Ɗacin Baki

Ranar 16 ga Satumban 2018, Linus Torvalds ya yi abin da waɗanda suka san shi ba su zaci zai taɓa yi ba: ya nemi afuwa. Wannan mutumin ƙasar Finland shi ne ya fara rubuta Linux a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. A yau manhajar tasa ce ke ƙarƙashin kowace wayar Android, har da waɗanda ake saye da gyarawa a kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma tun ƙarshen 2017 ita ce ke tafiyar da dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya. Shekara da shekaru an san shi da abu biyu, idon da kuskure ba ya ɓuya masa da harshen da ba ya ragawa kowa. A sanarwar tasa ya amsa cewa yadda yake far wa abokan aiki bai dace ba, ya ce zai janye na ɗan lokaci ya nemi taimako don ya koyi fahimtar yadda mutane ke ji. Ya bar ragamar a hannun Greg Kroah-Hartman, aka kuma shigar da sabuwar ƙa'idar ladabi cikin aikin. Nan take jama'ar Linux ta rabu biyu. Wasu suka ce an ma makara. Wasu kuwa suka ce daga ranar inganci ya mutu, tunda an ɗaure bakin mai faɗin gaskiya.

Wannan gardama ta girmi Linux, kuma tana tasowa a duk inda masana fasaha ke amsa tambayar juna da ta masu koyo ba tare da an biya su ba. Ɓangare ɗaya na cewa na'ura ba ta san lallashi ba: umarnin da aka ba ta ko daidai ne ko kuskure ne, saboda haka mai gyara ya faɗi abin da ya gani, wanda ya ji haushi ya ji. Ɗaya ɓangaren na cewa mutum ne ke tambaya, mutum ne ke amsawa, kuma wurin da ake wulaƙanta mai tambaya ba zai daɗe da mutane ba. Abin lura shi ne dukkansu sun yarda da zato guda, wato duk abin da aka ƙara wa ladabi an rage shi ne daga gaskiya. Wannan zaton ne kuskuren. Cin mutunci ba ya ƙara wa magana gaskiya ko ƙwayar zarra. Abin da yake yi shi ne toshe hanyoyin da gaskiya ke bi ta iso, domin yana hana mutane tambaya, yana hana su amsa kuskure, yana kuma korar waɗanda za su gano kuskuren gobe. Haka nan ladabin da ke rufe kuskure don kada ran wani ya ɓaci ha'inci ne da aka sa wa rigar kirki.

Adalci ne a fara da hujjar masu tsauri, domin tana da ƙarfi. Amsar fasaha ba ta tsayawa a kan wanda ya yi tambaya. Ana kwafarta, ana liƙa ta cikin manhajojin da miliyoyin mutane za su yi amfani da su. A 2017 wasu masu bincike daga Jamus sun duba manhajojin Android miliyan 1.3, suka tarar kashi 15.4 cikin ɗari na ɗauke da rubutun da ya shafi tsaro wanda aka kwafo daga Stack Overflow, babbar taskar tambaya da amsa ta masu rubuta manhaja da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a 2008. Daga cikin waɗanda suka kwafa ɗin, kashi 97.9 cikin ɗari sun kwaso aƙalla rubutu ɗaya mai rauni ta fuskar tsaro. Ke nan amsa ɗaya maras inganci da aka ƙyale don gudun ɓata wa mai ita rai tana iya zama kafar da ɓarawo zai bi ya kai ga asusun wani mutum a wata ƙasa, wanda bai ma san an yi tambayar ba. Duk mai cewa a sassauta wa kuskure saboda zumunci bai san inda kuskuren ke ƙarewa ba. Har nan masu tsauri suna da gaskiya, kuma babu abin da za a rage musu.

Inda suka kauce hanya shi ne haɗa tsananta wa aiki da tsananta wa mai aikin, kamar ɗaya ba ya yiwuwa sai da ɗaya. Torvalds na da wata doka da ya riƙe shekaru da dama: duk sauyin da za a yi wa Linux kada ya lalata manhajar da mutane ke amfani da ita tana aiki lafiya. A Disambar 2012 wani sauyi ya karya wannan doka, mai kula da sashen kuma ya nemi ɗora laifin a kan manhajar da ta lalace. Torvalds ya mayar masa da martanin da ya shahara saboda ashar da ke cikinsa. Idan aka warware saƙon za a ga abu biyu ne a ƙunshe. Akwai hukuncin fasaha, cewa laifin na sauyin ne kuma dole a janye shi, wanda daidai ne ɗari bisa ɗari. Akwai kuma zagi. A cire zagin, babu harafi ɗaya na hukuncin da zai ragu. A Yulin 2013, da ƙorafi kan irin waɗannan kalamai ya fito daga Sage Sharp na kamfanin Intel, mai kula da sashen USB 3.0 na Linux, Torvalds ya kare kansa da cewa ba zai yi ladabin ƙarya ba, kuma a rubuce mutane ba sa gane girman matsala sai an yi musu tsawa. Amma ai yana da abin da ya fi tsawa ƙarfi, wato ikon ƙin karɓar sauyin ko cire shi gaba ɗaya. Injiniyan da aka mayar wa aikinsa, aka rubuta masa dalili a fili kowa na gani, ya riga ya ji saƙon. Zagin da ya biyo baya wasu ne yake yi wa magana, wato ɗaruruwan masu kallo da ke auna ko su ma za su iya kawo nasu aikin.

Abin da wulaƙanci ke yi wa ingancin aiki an gwada shi, kuma a wurin da kuskure ke nufin rai. A 2015 mujallar Pediatrics ta buga binciken Arieh Riskin da abokan aikinsa a Isra'ila. Sun ɗauki tawagogi 24 na likitoci da ma'aikatan jinya masu kula da jarirai, suka ba su aikin gwaji na ceto wani bakwaini na roba da aka shirya kamar yana fama da mummunan ciwon hanji. An gaya musu wani ƙwararre daga Amurka na kallonsu. Ga rabin tawagogin, baƙon ya yi maganganun raini a kan aikin likitanci a ƙasar, ba ma a kan su kansu ba. Ga sauran ya yi magana ba yabo ba fallasa. Tawagogin da suka ji rainin sun fi kasa gano ciwon, sun fi kuskure wajen aikin hannu. Da aka bi diddigin dalili, sai aka ga sun rage gaya wa juna abin da suka lura da shi, sun kuma rage neman taimako. Tun kafin wannan, a 1996, Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da wani abin mamaki a asibitoci: sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi yawan rahoton kuskuren ba da magani. Ba wai sun fi yin kuskure ba ne, sun fi faɗa ne idan sun yi. Duk wanda ya taɓa zama a garejin makaniki ya san wannan ba tare da bincike ba: yaron da maigidansa ke mari idan ya karya noti, ba daina karya noti yake yi ba, koyon ɓoye karyayyen yake yi, motar kuma ta fita titi da shi a jikinta.

A aikin manhaja kuwa, amsa kuskure shi ne rabin sana'ar. Wani injiniya mai suna Andreas Lundblad ya rubuta wata gajeriyar amsa a 2010 kan yadda za a mayar da girman fayil zuwa adadin da mutum zai iya karantawa. Daga baya bincike ya nuna ita ce rubutun harshen Java da aka fi kwafa daga Stack Overflow. A 2019 shi da kansa ya fito ya sanar cewa akwai kuskure a ciki: idan girman ya kai 999,999, sai ta nuna 1000.0 kB maimakon 1.0 MB. Kusan shekara tara kuskuren na yawo. Irin wannan fitowa fili ita ce ke tsarkake ilimi, kuma ba ta yawaita a inda amsa laifi ke jawo dariya da gori. Sai kuma asarar da ba a iya ƙirgawa, ta mutanen da suka tafi. A Oktoban 2015 Linux ya rasa Sharp, kuma dalilin da aka bayyana a rubuce shi ne yanayin mu'amala. A Yulin 2018 Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro harshen Python, ya sauka daga jagorancinsa bayan zazzafar jayayya a kan wani ƙaramin sauyi, ya ce ya gaji. A Afrilun shekarar ne kuma wani babban jami'in Stack Overflow, Jay Hanlon, ya amsa a bainar jama'a cewa mutane da yawa, musamman sababbin shiga da mata, suna ganin wurin a matsayin na masu girman kai da tsangwama. Waɗannan sanannu ne, shi ya sa aka ji labarinsu. Ɗalibin da ya yi tambaya sau ɗaya aka kunyata shi bai sake ba, babu mai rubuta tarihinsa, kuma babu wanda ya san kuskure nawa da zai gano da ya zauna.

Akwai ma haɗarin da ya fi wannan. Idan tsangwama ta zama ruwan dare, mugu na iya fakewa da ita ba a gane shi ba. XZ Utils wata ƙaramar manhaja ce ta matse fayil da ke cikin kusan kowane tsarin Linux, kuma mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita a matsayin sa-kai. A 2022 wasu sunaye da ba a san su da wani aiki ba suka dinga matsa masa da kalamai masu zafi, cewa ya bar aikin ya lalace, ya ba wani. Ya yi musu bayanin cewa yana fama da rashin lafiyar da ta shafi ƙwaƙwalwa, ba su sassauta ba. A hankali iko ya koma hannun wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda a farkon 2024 ya dasa ɓarauniyar hanya a cikin fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, hanyar da za ta ba mai ita damar shiga ɗimbin kwamfutoci a duniya. Allah ya taimaka Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga wata na'ura, ya bi sawu, ya tona asirin ranar 29 ga Maris, 2024. Masu bincike da yawa na ganin waɗancan masu matsin lamba wani ɓangare ne na shirin. Abin tambaya shi ne me ya sa a 2022 kalamansu ba su tada hankalin kowa ba. Amsar ita ce an saba jin irinsu.

Sai dai wanda ya tsaya nan ya ce to a lallaɓa kowa, ya faɗa ramin da ke ɗaya gefen. Ranar 27 ga Maris, 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirgin KLM ya fara gudun tashi cikin hazo alhali jirgin Pan Am na kan titin. Injiniyan jirgin KLM ya tambayi kyaftin ko ɗaya jirgin ya kauce, kyaftin, wanda shi ne babban malamin matuƙa na kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce, injiniyan bai sake magana ba. Mutum 583 suka mutu. A Disambar 1978 jirgin United mai lamba 173 ya yi ta zagaye a sararin Portland kusan awa guda saboda matsalar tayoyin sauka, har mai ya ƙare. Abokan kyaftin sun ambaci batun man, amma ba su faɗe shi da nauyin da zai juyo da hankalinsa ba. Mutum 10 suka rasu. Daga irin waɗannan haɗura ne kamfanonin jirage suka fito da sabon horo, wanda United ta fara a 1981, kuma darasinsa fuska biyu ne: na ƙasa ya faɗi matsala ƙarara da sunanta, na sama ya saurara ba tare da kyara ba. Mai karatu Bahaushe ya fi buƙatar wannan gefen, domin tarbiyyarmu ta kara da kunyar manya tana sa ƙarami ya ga kuskuren babba ya haɗiye, ko ya kewaya har maganar ta rasa ma'ana. Daɗin baki kuma ba shaidar inganci ba ne. A Disambar 2022 Stack Overflow ta hana amsoshin da aka samo daga ChatGPT, saboda suna zuwa a tsare, cikin ladabi da natsuwa, alhali da yawansu kuskure ne mai wuyar ganewa. Haɗuran jiragen nan biyu kuwa sun nuna cewa tsawar babba da shirun ƙarami ciwo ɗaya ne, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa.

Masu tsauri na da wata hujjar da bai kamata a raina ba, ita ce gajiya. Yawancin masu amsa tambayoyin nan 'yan sa-kai ne, bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Mutum ya amsa tambaya iri ɗaya sau ɗari, na ɗari da ɗaya ya zo bai karanta littafin jagora ba, bai faɗi irin na'urarsa ba, bai kawo saƙon kuskuren da ya gani ba, yana kuma neman a yi masa yanzu-yanzu. Tun 2001 Eric Raymond da Rick Moen suka rubuta doguwar maƙala kan yadda ake tambaya ta hankali, kuma ko da ba a yarda da zafin da ke cikinta ba, jigonta gaskiya ne: ladabi hakki ne a kan mai tambaya kamar yadda yake a kan mai amsa, kuma ladabin mai tambaya shi ne ya yi iya ƙoƙarinsa kafin ya ɗauki lokacin wani. Amma gajiya uzuri ce ta yin shiru, ko ta nuna wa mutum inda aka riga aka amsa tambayar. Ba ta zama uzurin zagi ba, domin rubuta zagi ma lokaci yake ci. Wanda ya sami minti biyar na yi wa mutum gori, yana da rabin minti na gaya masa ya duba shafi kaza.

Hujja ta ƙarshe ita ce tsoron kada ƙa'idar ladabi ta zama makamin rufe bakin mai gaskiya, ko ta hukunta mutum saboda al'adarsa, tunda abin da Bajamushe ko mutumin Finland ke gani magana ce kai tsaye, wani daga Japan ko Najeriya zai ji shi kamar mari. Tsoron na da tushe, kuma dokar da ba ta da iyaka bayyananniya kowa na iya murɗa ta. Maganinsa shi ne a rubuta iyakar a fili: sukar aiki komai zafinta halas ce, taɓa mutuncin mai aikin ne haram, kuma hukunci ya zama gwargwadon laifi. A Nuwamban 2024 kwamitin ladabi na Linux ya dakatar da karɓar aikin Kent Overstreet, ƙwararren da ya rubuta tsarin ajiyar bcachefs, na zagayen fitowa ɗaya, saboda kalaman da ya yi wa wani abokin aiki. Ra'ayinsa na fasaha ba shi aka hukunta ba. Game da hasashen 2018 cewa inganci zai mutu kuwa, lokaci ya ba da amsa. Torvalds ya dawo bakin aiki a Oktoban shekarar. Linux ya ci gaba da fitowa duk mako tara ko goma, da hannun injiniyoyi sama da 1,500 a kowace fitowa. Torvalds na nan yana mayar da aikin da bai gamsu da shi ba, wani lokacin ma tsohon halin na motsawa, amma dokarsa ta kada a lalata wa mutane abin da ke aiki ba ta sassauta ba ko kaɗan.

Hukuncin da hujjojin nan suka kai mu gare shi a bayyane yake. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ɗacinta ya ishe ta, ba ta buƙatar mai faɗinta ya ƙara nasa. Idan kai ne masani, faɗi cewa abu kuskure ne, ka faɗi inda kuskuren yake da abin da zai haifar da yadda za a gyara, kada ka rage komai don kara, kada kuma ka ƙara kalma ɗaya a kan hankalin mutum ko asalinsa. Idan kai ne mai tambaya, yi bincikenka tukuna, ka kawo bayani cikakke, in aka ce ka yi kuskure ka duba ko haka ne kafin ka duba yadda aka faɗa, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan kuma kai ne ke shugabantar masu aiki, ko a kamfanin manhaja ko a shagon gyaran waya, to auna kanka da tambaya ɗaya: yaushe rabon da ƙaramin cikinsu ya zo da ƙafarsa ya ce maka ya yi kuskure, ko ya ce kai ne ka yi? In ka daɗe ba ka ji haka ba, kurakuran suna nan, kai ne kawai aka daina gaya wa.